Darasin Yau: Maigida, Ba Da Izini Tun Kafin Naƙuda



Maigida, in garinku da nisa da asibiti, kar ka jira sai naƙuda ta tashi. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace cikin awa 2.

Tun cikin na wata 7 ka riƙe lambar direba, ka ware kuɗin mai, ka san wanda zai ba da jini. Sannan ka faɗa a gaban mahaifiyarka: "Ko ba na nan, na yarda a kai ta." Sau nawa ake zaman jiran maigida ya dawo daga kasuwa?

In an ga jini, ko jijjiga, ko naƙuda ta wuce awa 12, a kama hanya. Tofi da addu'a a yi su cikin mota.