Darasin Lafiya: Mai Ciwon Sukari da Aikin Basir

Jama'a, duk wanda ya shiga Kasuwar Kurmi ta birnin Kano, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, zai ga masu saiwoyi da sassaƙe suna tallar maganin basir. To amma akwai basirin da sai an yi masa aiki a asibiti, kamar Asibitin Murtala.

Ga mai lafiya, wurin aikin yakan warke cikin mako 4 zuwa 6. Na mai ciwon sukari kuwa yakan daɗe. Dalili shi ne, idan sukari ya yi yawa a jini, ƙananan hanyoyin jini sukan lalace, jini ba ya isa mikin sosai. Ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta su ma sai su yi rauni. Ga shi kuma wuri ne da bayan gida yake bi kullum.

Saboda haka ka gaya wa likita kana da sukari tun kafin aiki. Kada ka kuskura ka kai wa wanzami ya yanke.

Bayan aiki, ci gaba da shan maganin sukarinka. Idan ka zaga, zauna cikin ruwan ɗumi a baho. Ci zogale da rama da wake, ka sha ruwa da yawa, don kada bayan gida ya yi tauri. Kada ka barbaɗa garin magani a mikin. Tsimin da aka haɗa da zuma kuwa ɗaga sukari yake yi.

Idan ka ga mugunya, ko kumburi, ko zazzaɓi, ko jini yana zuba, ko fitsari ya ƙi fita, koma asibiti a ranar, kada ka kwana.