Yadda Ake Tare Sankara Da Allura Da Gwaji Kafin Ruwa Ya Yanke Hanya

Mutumin Auyo ba sai an koya masa lissafin ruwa ba. Daga Agusta zuwa Satumba Kogin Hadejia kan cika ya batse, kamar yadda aka gani a 2020 da 2022, hanyoyin ƙauyuka su yanke, zuwa asibiti ya koma sai da kwale-kwale. Don haka duk abin da ya shafi allura da gwaji, tun da rani ya kamata gida ya tsara shi. Akwai sankara iri biyu da allura ke tarewa tun ba su tsiro ba, ta hanta da ta bakin mahaifa, kuma alluran kyauta ne a asibitocin gwamnati. Uwargida, ga yadda za ki bi.

Da farko, tattara katuna. Ki ciro katin rigakafin kowane yaro, ki kai wa ma'aikaciyar lafiya a asibitin mazaɓarku, ko a Gamsarka kike ko Ayama ko Unik, ta duba abin da aka tsallake. Ki tambayi ranar da suke yin rigakafi a mako. Katin kuma ki naɗe shi a leda biyu ki rataye shi sama, tare da takardun gona. In ruwa ya ci wani kati a baya, kada kunya ta hana ki zuwa; za a yi miki sabo, a ɗora daga inda aka tsaya.

Na biyu, jariri a ranar haihuwarsa. Allurar ciwon hanta nau'in B ana son ta shiga jikin jariri cikin awa 24 da haihuwa. Wannan ƙwayar cuta kan bi daga uwa zuwa ɗa, ta zauna shiru shekara da shekaru, sannan ta lalata hanta ko ta haifar da sankara a lokacin da mutum ya zama magidanci. A nan al'adarmu ke ba mu matsala: a ce ba a fita da jariri sai an yi suna, wasu ma sai an yi arba'in. Mai jego ta zauna ta huta, amma kaka ko gwaggo ko maigida su ɗauki jaririn a kai shi. A zuwa ɗaya za a yi masa ta hanta, da ta lamba mai kare tarin fuka, a ɗiga masa ta shan inna. Sai a koma a mako na 6, na 10 da na 14, sannan wata 9 don ƙyanda da shawara da sanƙarau, da wata 15 don ƙyanda karo na biyu. In kin lura wata ranar za ta faɗo tsakiyar ambaliya, ki faɗa wa ma'aikaciyar tun da wuri ku shirya inda za a haɗu.

Na uku, 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. A ranar 24 ga Oktoba 2023 Najeriya ta fara ba da allurar HPV, kuma Jigawa na cikin jihohin da aka fara da su. HPV ƙwayar cuta ce da ake ɗauka ta hanyar kwanciyar aure. Nau'i biyu daga cikinta, 16 da 18, su ke jawo kusan kashi 70 cikin ɗari na sankarar bakin mahaifa. A ƙiyasin 2020, mata kimanin 12,000 ne suka kamu da cutar a Najeriya, kimanin 8,000 suka rasu. Allurar guda ɗaya ce a dantse. Wurin kan ɗan yi tsami kwana ɗaya ko biyu, wata yarinyar ta yi ɗan zazzaɓi. Ki ba ta abinci kafin ku fita, bayan an yi mata ta zauna kamar minti 15 kafin ku kama hanya.

Dalilin da ya sa ake yi wa ƙanana shi ne allurar ba ta korar ƙwayar da ta riga ta shiga, tare ƙofa take yi. A yankin da ake aurar da yarinya da wuri, jinkirin shekara biyu na iya zama an makara. Yarinyar da ba ta zuwa boko, ko wadda take rugar Fulani, ita ma haƙƙinta ne. A kai ta asibiti a tambaya.

Za ki ji ana cewa allurar tana hana haihuwa. Haka aka faɗa kan ɗigon shan inna a 2003, ga shi yaran da aka ɗiga wa a lokacin yau su ke goye da nasu 'ya'yan. Ita wannan allura tun 2006 ake amfani da ita a duniya, Ruwanda ta fara yi wa 'yan matanta tun 2011, kuma bincike bai nuna tana taɓa haihuwa ba. Sankarar ce ke sa a cire wa mace mahaifa.

Na huɗu, ke kanki. Allurar 'yarki ba ta ɗauke miki gwajin bakin mahaifa ba. Daga shigar ƙwayar zuwa ta zama sankara yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20, kuma duk tsawon wannan lokaci ba ciwo, ba alama. Shi ya sa mai lafiya ake gwadawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara daga shekara 30, mai ɗauke da HIV kuma daga 25. Ki tambaya a wajen awo inda ake yi mafi kusa. In babu a nan, ki nemi takardar turawa zuwa Babban Asibitin Hadejia ko Dutse. Ki zaɓi ranar da ba kya al'ada, kuma kina da damar cewa mace kike so ta duba ki. Za ta shafa ruwan khal a bakin mahaifa, ta jira minti ɗaya. Wurin da ya fara canzawa sai ya yi fari. 'Yan mintoci ne. In ba a ga komai ba, ki koma bayan shekara 3. In an ga fari, yawanci ba sankara ba ce tukuna. Ana ƙone wurin da wata ƙaramar na'ura ba tare da tiyata ba, ki ƙaurace wa shimfiɗa na mako huɗu, ki koma a sake dubawa bayan shekara.

Maigida, naka aikin a nan yake: izini, kuɗin mota, da haƙurin mako huɗun nan. In an sayar da shinkafar rani, a ware na wannan tafiya kafin kuɗin su watse.

Na biyar, alamun da ba a jiran rani a kansu. Jini bayan kwanciya, jini bayan al'ada ta ɗauke gaba ɗaya, ruwa mai wari da ya ƙi tsayawa, ko ƙullutu a mama ko hammata. Kada a ce sanyi ne a yi ta jiƙe-jiƙe wata shida. Ko ruwa ya kai gwiwa, a nemi kwale-kwale a isa Hadejia, in sun tura ku Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ku tafi a makon, da takardar da suka ba ku a hannu.