Yadda Ake Zana Littafin Yara a Bakin Katako

Rabin kayan aikin mai zanen littafin yara a Yamai daga kasuwar Katako suke fitowa, ko da yake babu rumfa ɗaya da aka kafa dominsa. Wajen masu katako za a yanko masa allo mai santsi da zai riƙa shimfiɗa takarda a kai. Wajen masu gilashi ya samo guntu mai kauri, kafinta ya haɗa masa ɗan akwati, a sa ƙwan lantarki a ciki a rufe da gilashin, teburin kwafar zane ke nan ya samu. Takarda mai kauri da tawadar Sin da fentin ruwan nan da masu sana'ar suke kira guwash su ne sai an shiga kantin littattafai a cikin gari, ko a ba mai zuwa Kano sautu.

Wanda na ga aikin a hannunsa, ɗakinsa yana Bukoki, inda ƙarar gudumar maƙeran Katako take iske mutum har kan tabarmarsa. Da zayyanar allon sauka ya fara, daga nan ya koma rubuta allunan masu aski da masu gyaran babur. Kusan duk wanda na sani a sana'ar irin wannan hanya ya biyo, kuma babu wanda littafin yara kaɗai yake riƙe masa gida. Abin da ke kawo cefane shi ne hotunan faɗakarwa na ƙungiyoyi, rigakafi da wankin hannu da gidan sauro, sai zanen littattafan lakwal irin waɗanda INDRAP ko kamfanin Gashingo suke fitarwa. Littafin labari don so ake yinsa. In dangi suka dame shi cewa babba da shi yana zaune yana zanen kwaɗi, sai ya kawo musu Mustafa Alasan, wanda da kwaɗin ya yi fim ɗin Bon Voyage Sim a 1966, ya yi wa ziyarar shugabannin ƙasa shaguɓe, duniya kuma ta san shi da su har ya rasu a 2015.

Lissafi ne farkon aiki. Injin maɗaba'a babbar takarda yake bugawa, in an naɗe ta sau uku ta ba da shafi 16, shi ya sa littafin yara yakan zo 16, ko 24, ko 32. A Turai 32 aka saba. A nan tsadar takarda takan tsayar da mutum a 24. A cire shafin suna da na bayanin maɗaba'a, abin da ya rage buɗi goma ne ko sha ɗaya. Sai mai zane ya ja 'yan ƙananan akwatuna a takarda guda, ya raba labarin a cikinsu da zane na gaggawa. Duk abin mamaki ana ajiye shi bayan shafin dama, yaro ya buɗe da hannunsa ya gani. Kuma tunda boko daga hagu yake tafiya zuwa dama, tauraron labari in ya fita gida dama yake fuskanta, in zai dawo ya juyo hagu. Da littafin na ajami ne, da duk an juya.

Labarin da na ga an yi na wani yaro ne mai tsintar gwangwanaye yana kai wa masu zubin tukwanen alminiyam. To, sai a ɗauki kaye da fensir a shiga kasuwa. Waya tana ɗaukar hoto, amma mutanen Katako ba kowa ke son a ɗaga masa waya ba, alhali mai fensir har benci ake matso masa. Ya gaishe da babban rumfa, ya aika a kawo shayi, ya zauna yana kallon yadda ake danƙara yashi mai danshi a jikin tsohuwar tukunya har siffarta ta fita, da yadda yaro yake juya ƙafar keke tana hura wuta, da yadda mai zubi yake karkata jiki yana kawar da fuska daga tiririn ƙarfe. Dattijon rumfar ya leƙo kayen ya ce, "Ɗana, ba haka ake riƙe awartaki ba. Mai riƙe shi haka ai ƙafarsa zai narka." Ya ce, "Na gode, Baba," ya goge ya sake. Irin wannan gyara babu makarantar da take bayar da shi.

Daga nan a tsayar da kamannin yaron a takarda ɗaya: gaba, gefe, baya, yana dariya, yana kuka, yana gudu. Tsawon babba kai bakwai ne da rabi in an auna da kansa, na yaron littafi huɗu ko biyar. A ba shi alamar da ba za ta ɓace ba, giɓin haƙori ko riga mai ratsi, a manna takardar a bango. Sai zanen fensir na kowane buɗi, a kuma tara yaran layi a nuna musu ba tare da an karanta kome ba, a ce su faɗi abin da ke faruwa. In suka ba da labarin daidai, zane ya yi. Su ne suke gano akuyar da gefen shafi ya yanke wa ƙafa, su ne kuma suke ihu in yaron ya miƙa wa babba kuɗi da hagu, abin da yakan faru in an juya hoto a kwamfuta don ya dace da shafi.

Kwafewa a kan gilashi da bi da tawada aikin haƙuri ne kawai. Abin lura shi ne a bar wa rubutu fili, kuma kada a rubuta ko kalma ɗaya a cikin hoto, ko da allon shago ne. Tun da aka buɗe makarantar gwaji ta koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973 ake buƙatar littattafai cikin harsunan ƙasa, kuma hoto ɗaya ne zai ɗauki Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci, farantin baƙin rubutu kaɗai ake sauyawa. Yanzu da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a watan Maris na 2025, ya kamata masu tsara shafi su daina kawo mana salon haruffan da ba su san ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba.

Wurin launin fata ne ake sanin gwani. Sabon hannu yakan dama ruwan ƙasa ya ƙara baƙi har ya ga ya yi kama da ƙanensa, ya shafa. A kan takardarsa kyakkyawa ne, a fuskar kwamfuta ma haka, domin ita haske take fitarwa daga baya. Maɗaba'a kuwa da tawada huɗu take haɗa kowane launi, shuɗi da ja da rawaya da baƙi, ɗigo a kan ɗigo, kuma takardar da ba ta da sheƙi tana shan tawada ɗigon ya bazu. Littafi ya fito, fuskar yaro ta koma gindin tukunya, ido biyu da haƙora kaɗai ake gani. Murmushin da aka kwana ana gyarawa ya nutse. Na sha ganin littattafan lakwal haka, kuma yaron da aka ba irinsu bai ga kansa a ciki ba.

Shi maigidan nan na Bukoki baƙin fenti ba ya kusantar fuska. Yakan fara da shimfiɗa mai ruwa-ruwa ta rawaya da jar ƙasa, ya bari ta bushe. Ya bi da ruwan ƙasa, amma ya tsallake goshi da karan hanci da saman kumatu da leɓen ƙasa, inda rana take sauka a fuskar mutum. Inuwar ƙarƙashin haɓa da ta gefen wuya da shunayya yake yinta, ko shuɗi ɗan kaɗan, don fatar baƙin mutum a ranar Yamai tana ɗaukar launin sama. Farin ido takardar ce da kanta, tun farko ake kewaye shi a bar shi. Duk fuskar kuma yakan tsayar da ita mataki ɗaya ko biyu ƙasa da duhun da yake so, ya bar wa injin ya cika sauran. Bayan kan yaron ba a sa bango mai duhu, ko da a cikin rumfar maƙera ne; sai a ɓullo da hasken ƙofa ko farin hayaƙi a wurin.

Ga kuma mutanen kasuwa ba launi ɗaya ba ne: akwai baƙi wuluk, akwai wankan tarwaɗa, akwai Buzun da ya zo sayen akwatin ƙarfe, akwai Bafulatana mai nono. Kowannensu da kwalbarsa mai murfi, a dama abin da zai isa littafin duka, domin in ya ƙare a shafi na 14 ba za a sake samun irinsa daidai ba. Fuskokin tauraron ma a zama ɗaya ake yinsu, a jera shafukan a bi su ɗaya bayan ɗaya. Guwash yana da wani hali, mai duhu yakan yi haske in ya bushe, mai haske ya yi duhu, saboda haka a gefen takarda ake gwadawa a jira. Lokacin hunturu fentin a bakin burushi yake bushewa, ƙura kuma tana manne wa danshi. A bazara gumin hannu ne abin tsoro, sai an sa wata takarda ƙarƙashin tafi. Bayan sallar asuba maigidan yake wannan aiki, kafin Katako ta farka.

Sauran na mai kwamfuta ne: a ɗauki zanen da sikana a ɗigo 300 cikin inci, a tabbata hoto ya zarce layin yanka da milimita 3 zuwa 5, kada fuska ta faɗa tsakiya inda za a buga ƙusar ɗinki. Amma kada mai zane ya sa hannu a kan gwajin da aka fitar masa da ƙaramin injin ofis. Ya je maɗaba'a ranar bugu, ya tsaya kusa da mai injin, ya riƙe asalin zanen, falle na farko yana fitowa ya duba kumatun yaron, in sun dushe ya roƙi a sassauta baƙi da shuɗi. Kuɗin aikin galibi sau ɗaya ake biya, a kan kowane hoto, ko da za a sake bugu sau nawa. Shi ya sa tsofaffin hannu suke sa a rubuta tun farko cewa sunansu zai fito a bango tare da na marubuci, kuma asalin zanen za a mayar musu bayan bugu.