Karyar da Aka Yi wa Tiyatar Fatar Ido: A Yi Mata Barbara ko A'a?

Wani mai kiwon karnukan gadi ya aiko da tambaya. Karyarsa jinsin Boerboel ce, tun tana ƙarama fatar idonta ta naɗe ciki, aka yi mata tiyata ta warke sarai. Yanzu ta isa barbara, kuma masu son 'ya'yanta har sun fara ba da kafin alƙalami. Ya ci gaba ko ya haƙura?

Malam, shawarata ita ce ka haƙura. Ga dalili.

Likitocin dabbobi suna kiran wannan lalura entirofiyon. Bakin fatar ido, galibi ta ƙasa, yakan lanƙwashe ciki, sai gashi ya riƙa gugar ƙwayar ido a duk ƙiftawa. Za ka ga kare yana runtse ido, hawaye ya yi masa layi a kunci, kwantsa ta taru, yana ta susa da ƙafar gaba. Da hunturu mutane kan ɗora laifin a kan ƙura, su yi ta ɗiga magani. Idan aka bari, gugar takan zama gyambo, gyambon ya bar hakiya, wani lokaci har a rasa idon.

A mafi yawan lokuta gado ne. Ya fi yawa a jinsunan da ke da katon kai da sakakkiyar fatar fuska: Shar Pei, Chow Chow, Bulldog, Rottweiler, Mastif da Boerboel. Ba ƙwayar gado ɗaya ce ke kawo shi ba. Siffar kai, zurfin ramin ido, tsawon fatar ido da nauyin fatar goshi ne suke haɗuwa, shi ya sa ko iyaye masu lafiyayyen ido kan haifi mai shi. Wadda kuwa ta riga ta nuna shi, hatsarin ya fi yawa a zuriyarta. Likita ya yanke 'yar fata ya ɗinke, ido ya daidaita, amma wuƙarsa ba ta taɓa abin da ke cikin jini ba. Don haka ne ma ƙungiyar American Kennel Club ta Amurka ba ta barin karen da aka yi wa wannan gyara ya shiga gasar nuna kyan jinsi.

Abin da za ka yi shi ne ka kai ta a cire mata mahaifa, ta ci gaba da gadinta lafiya. In kuma namiji ne ke da lalurar, a yi masa fiɗiya. Ka sanar da wanda ya sayar maka da ita, don kada ya sake haɗa iyayenta biyu.

In akwai 'yan kwikwiyo a ƙasa, ka duba su da zarar sun buɗe ido, wato tsakanin kwana 10 zuwa 14. Wanda ke runtsewa, likita zai iya ɗage fatar da ɗinkin wucin gadi, domin wasu kan daidaita idan kai ya girma. Cikakkiyar tiyata akan jira har kare ya kusa gama girma, sai fa idan ƙwayar idon na cikin hatsari. Kada ka sayi maganin ɗigawa a kemis da kanka, domin mai ɗauke da sitiroyid yana ƙara zurfin gyambo. Likita yana da rini na musamman da ke nuna ko akwai rauni. Asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya, Sakkwato da Maiduguri wurare ne da za a iya nufa.

Mai saye kuma ya nemi ganin uwa da uba, ya tambaya kai tsaye ko an taɓa yi musu aikin ido, domin tabon yakan ɓace cikin gashi.

Na san kuɗin da za ka rasa ba kaɗan ba ne. Amma sayar da kwikwiyo tare da ɓoye aibinsa cin amana ne, ga kuma dabbar da za ta sha azaba ba ta da bakin faɗa. Ka nemi wata karyar mai tsaftataccen asali ka kafa kiwonka a kanta.