Na Gama Ginin Ajujuwa, Ƙaramar Hukuma Ta Riƙe Mini Kuɗi: Ina Mafita?

TAMBAYA: Ni ƙaramin ɗan kwangila ne. Ƙaramar hukumarmu ta ba ni aikin gina ajujuwa biyu da ofis a wata firamare. An ba ni kuɗin fara aiki, sauran na cike da bashin siminti da kwano. Na gama, yara suna karatu a ciki shekara biyu ke nan, amma ragowar kuɗina shiru. Ciyaman ɗin da ya ba ni aikin ya sauka, sabon kuwa ya ce shi bai ci bashin kowa ba. Masu kaya sun fara yi mini sallama a ƙofar gida. Wasu sun ce in je in kwashe kwanon rufin, wasu sun ce in yanka wa wani kaso a fito da fayil ɗina. Kuɗina sun tafi ke nan? Daga Alhaji Mai Bulo.

AMSA: Alhaji, Allah ya yaye maka wannan damuwa. Tambayarka ita ce ko sauyin shugabanci yana kashe bashin da ake bin ƙaramar hukuma. Ba ya kashewa. A wurin doka, ƙaramar hukuma ce ta ba ka aiki, ciyaman wakilinta ne kawai a lokacin. Tana iya kai ƙara, ana iya kai ta ƙara, kuma duk wanda ya hau kujerar ya gaji kadarorinta da basussukanta tare. Wanda ya karɓi ajujuwan ya karɓi bashin gininsu.

Na san abin da ya fi ci maka rai ita ce sallamar nan ta ƙofar gida. Mutumin da ya yi shekaru yana ɗaukar kaya a kasuwa da kalmar bakinsa kaɗai, yau ya koma yana jin faɗuwar gaba idan waya ta yi ƙara, abin da ciwo. Ga shi kuma kuɗin suna narkewa a inda suke, domin tun bayan cire tallafin man fetur a 2023 farashin kayan gini ya yi tashin da kowa ya gani. Kada ka ɓuya wa masu binka. Ka same su har shago, ka nuna musu takardunka, ku rubuta yadda za ka riƙa ragewa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, kuma mai kaya ya fi haƙuri da wanda yake ganin fuskarsa.

Dalilin jinkirin sau da yawa ya wuce ofishin ciyaman. Sashe na 162 na Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, kuma ta nan kason ƙananan hukumomi 774 ya daɗe yana bi ta hannun gwamnoni. In an cire albashin malaman firamare da ma'aikata, abin da ke isa sakatariya ba ya da yawa. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, sai dai aiwatarwar tana tafiyar hawainiya. Wannan bayani ne, Alhaji, ban kawo shi a matsayin uzuri ba. Hukumar da ta san ba ta da kuɗi bai kamata ta sa talaka ya ci bashi ya yi mata gini ba.

Yanzu ka duba jakarka. Ana buƙatar takardar ba da kwangila, yarjejeniyar da kuka sa wa hannu, shaidar kuɗin fara aiki da ya shiga asusunka, da hotunan ginin. Mafi nauyi a cikinsu ita ce takardar shaidar kammala aiki daga sashen ayyuka. Idan ba a ba ka ba, ka neme ta a rubuce. Sannan ka rubuta wa ciyaman takardar neman biya, ka faɗi adadin, ka kai kwafi ga ma'aji da Ma'aikatar Ƙananan Hukumomi ta jiha, kuma kada ka bar wurin sai an buga maka hatimin karɓa a naka kwafin. Ka tambaya ko bashinka yana cikin takardun miƙa mulki da tsohon ciyaman ya bari.

Lokaci shi ne abin da nake ji maka tsoro. Dokokin jihohi sun ƙayyade wa'adin kai ƙara a kan kwangila, a wasu shekara 6, a wasu 5, kuma in ya wuce kotu ba za ta saurare ka ba ko da gaskiyarka a fili take. "Ka dawo wata mai zuwa" ba ta tsayar da wannan lissafi. Abin da ke sabunta shi shi ne hukumar ta amsa bashin a rubuce, ko ta biya wani ɓangare. Saboda haka ko kaɗan aka ba ka, karɓa ta banki, amma kada ka sa hannu a takardar da ta ce an biya ka duka.

Kafin kotu akwai hanyoyin sulhu. Hukumar Sauraron Koke-Koken Jama'a ta tarayya, wadda aka kafa a 1975, tana karɓar ƙorafi kyauta, sai dai ba ta taɓa maganar da ke gaban kotu. Wasu jihohi, irin su Kano, suna da tasu hukumar da kuma zauren sulhu a ƙarƙashin Babbar Kotu. Ka kuma karanta yarjejeniyarka, wataƙila ta ce sai an fara zuwa gaban masu sasanci.

In duk hakan bai yi ba, ka ɗauki lauya. Zai duba dokar ƙananan hukumomin jiharku, domin a jihohi da dama sai an ba hukuma sanarwar wata guda kafin shigar da ƙara, kuma rashin wannan takarda kaɗai yana iya rushe shari'a. Idan adadin a bayyane yake kuma an amsa shi a rubuce, akwai gajeriyar hanya a Babbar Kotu ta bashin da ba a musu a kansa. Zan faɗa maka gaskiya: cin shari'a daban, karɓar kuɗi daban, domin Sashe na 84 na dokar zartar da hukuncin kotu ya ce a nemi amincewar Antoni Janar kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati. Shi ya sa nake fifita sulhu a rubuce, ko da biya kashi-kashi ne.

Shawarwari biyun da aka ba ka kuwa, ka watsar da su. Ginin ya zama kadarar gwamnati, in ka taɓa kwanon kai za a kama, yara kuma su koma zama a rana. Yanka kaso cin hanci ne, mai bayarwa da mai karɓa duk doka tana hawa kansu.

Cikin makon nan, Alhaji, ka rubuta takardar neman biya, ka samo hatimi a kanta, ka kai wa lauya ya lissafa maka sauran wa'adinka. Allah ya fito maka da haƙƙinka.