Koyon Turanci: Gamsuwa Daban, Wadar Zuci Daban

Darasin wannan wata a kan kalmomin Turanci huɗu ne. Su ne "enough" da "satisfied" da "satisfactory" da "content". Ma'anarsu ta yi kusa da juna, amma kowace da wurin zamanta. Turanci ne harshen aikin gwamnati a Nijeriya. Tun da aka fitar da Jihar Jigawa daga Jihar Kano a 1991, yawancin takardun da ke zuwa Gwiwa daga Dutse da Turanci ake rubuta su. Don haka mutumin Gwiwa, ko Roni, ko Kazaure, ko Ɓaɓura, yakan gamu da waɗannan kalmomi a katin sakamakon ɗansa, ko takardar diyya, ko takardar ɗan kwangila.

Kalma ta Farko: Enough

Ana furta ta "inof". Ma'anarta abu ya isa. Magana ce ta yawa ko awo. Misali:

The millet is enough. Geron ya isa.
The water is not enough. Ruwan bai isa ba.

Kalma ta Biyu: Satisfied

Ana furta ta "satisfayid". Ma'anarta mutum ya gamsu. Ya duba abu, ya ga ya yi daidai da abin da yake nema. Asalinta daga wata kalmar Latin ce, "satis", mai nufin ya isa. Misali:

I am satisfied. Na gamsu.
We are not satisfied. Ba mu gamsu ba.

Wanda ya ci tuwo ya ƙoshi ma yakan ce haka. Sunan gamsuwar kanta shi ne "satisfaction". Idan aka ga "dis" a farkon kalmar, to ma'ana ta juya. "Dissatisfied" shi ne wanda bai gamsu ba.

Kalma ta Uku: Satisfactory

Ana furta ta "satisfaktori". Wannan ba mutum take siffantawa ba, sai aiki ko kaya. Ma'anarta abin ya yi ba laifi, za a iya karɓarsa. Ba ta nufin ya yi fice. Uban da ya ga malami ya rubuta ta a katin ɗansa, ya sani yaron ya wuce, amma da sauran aiki a gabansa. Wanda ya yi fice "excellent" ake rubuta masa. Idan kuwa aka sa "un" a farko, aka rubuta "unsatisfactory", aikin bai karɓu ba ke nan. Sai uba ya je makaranta ya ji inda matsalar take.

Kalma ta Huɗu: Content

Ita ce ta fi kusa da abin da Bahaushe ke kira wadar zuci. Mutum bai sami duk abin da yake so ba, amma hankalinsa a kwance yake da abin da ke hannunsa. Shi ne mai cewa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Misali:

He is content with his small farm. Ya wadatu da 'yar gonarsa.

Sunan wannan hali "contentment". Sai dai a lura, kalmar tana da wata ma'ana. A jikin kwalbar maganin feshi akan ga an rubuta "net content". Wannan ba wadar zuci ba ce, yawan abin da ke cikin kwalbar ne. Haka shafin "contents" a farkon littafi, jerin abubuwan da ke ciki ne.

Inda Ake Yin Kuskure

A ce an haƙa rijiyar burtsatse a wani ƙauye na Gwiwa. Ɗan kwangila ya kawo wa kwamitin gari takarda, an rubuta: The work is satisfactory. Alhali kuwa sai yara sun daɗe suna buga famfo kafin ruwa ya ɗigo. Shugaban kwamiti dattijo ne mai kawaici. Ya tuna irin tafiyar da mata ke yi neman ruwa, sai ya ce, "Da babu gara ba daɗi." Ya dangwala yatsa.

A zuciyarsa wadar zuci ya nuna. Amma takarda ba ta san wadar zuci ba. Abin da ta ɗauka shi ne gari ya duba aiki ya karɓa. Da ita za a biya ɗan kwangila. In bazara ta yi famfo ya ƙafe, mutanen gari suka kai kuka, wannan takardar za a fito musu da ita.

Da ya san kalmar, sai ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, mun gode da ƙoƙari, amma ba mu gamsu ba tukuna. A gyara, sannan mu sa hannu." Wannan ba kwaɗayi ba ne, ba kuma rashin godiya ba. Riƙon amanar jama'a ne.

Haka abin yake a wajen diyya. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta tanadi cewa idan gwamnati ta karɓi fili don aikin jama'a, a biya diyyar amfanin gona da ginin da ke kai. A takardar karɓar kuɗi akan ga kalmomin "full and final". Ma'anarsu an biya duka, magana ta ƙare. Manomin da bai gamsu da lissafi ba, ya yi magana kafin ya sa hannu, ba bayan ya sa ba.

Akwai kuma dokar kare wanda bai iya karatu ba. Ta ce duk wanda ya rubuta takarda a madadin irin wannan mutum, sai an karanta masa an bayyana masa abin da ke ciki kafin ya dangwala. Marubucin kuma ya sa sunansa da adireshinsa. Saboda haka neman a fassara takarda ba abin kunya ba ne. Matambayi ba ya ɓata.

A Taƙaice

Wadar zuci tsakanin mutum da zuciyarsa ce, kuma hali ne mai kyau. Gamsuwar da aka rubuta a takarda kuwa shaida ce. Ba a bayar da shaida sai a kan abin da ido ya gani.

Aikin Yi

A kwafi waɗannan a littafin rubutu, a cike gurbi da kalmar da ta dace, a nuna wa malamin aji.

1. Takin bai isa ba. The fertilizer is not ______.
2. Na gamsu. I am ______.
3. Aikin ba laifi. The work is ______.
4. Ta wadatu da abin da take da shi. She is ______.