Yadda Hayaƙin Masana'anta Ke Kashe Daji: Labarin Sudbury

A lardin Ontario na ƙasar Kanada akwai wani gari mai suna Sudbury. A shekarar 1883, ana cikin shimfiɗa layin dogo, aka gano ma'adinin tagulla da nikel a wurin. Arziki ya zo, amma ya zo da farar wuta, domin duwatsun da ke ɗauke da ma'adinin cike suke da ita, kuma sai an ƙone ta kafin a samu ƙarfen.

Hanyar da aka fara bi abin mamaki ce. Ana sare itatuwa a jibge su a fili, a tara duwatsun a kai, a cinna wuta, a bar ta tana ci wata da watanni. Da haka daji ya yi asara biyu: an sare shi don makamashi, abin da ya rage kuma hayaƙi ya shaƙe shi. Sai a 1929 aka daina wannan gashi na fili, amma matatun da suka ci gaba da aiki ba su daina aman hayaƙi ba. Wajajen 1960 suna fitar da iskar farar wuta fiye da tan miliyan biyu a shekara.

Ya kamata mai karatu ya fahimci yadda ɓarnar ke aukuwa. Ganye na da ƙananan ƙofofi da yake shaƙar iska da su. Idan iskar farar wuta ta shiga, sai ganyen ya ƙone, ya kasa haɗa wa itace abinci. Wannan ita ce ɓarnar da ido ke gani. Wadda ta fi muni tana ƙarƙashin ƙasa. Hayaƙin kan haɗu da danshin sama ya sauko a matsayin ruwa mai tsami, ya wanke sinadaran da ke ciyar da tsiro, ya kuma narkar da alminiyam da ke kwance cikin ƙasa, wanda guba ne ga saiwa. A Sudbury har da ƙurar nikel da tagulla. Iri kan faɗi ya tsiro, amma saiwarsa ba ta iya shiga ƙasa, sai ya bushe. Da ciyawa ta ƙare, ruwa ya kwashe ƙasar saman, aka bar duwatsu tsirara, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Dubban hektoci suka koma haka.

A 1972 aka kammala wani bututun hayaƙi mai tsawon mita 381. Iskar gari ta ɗan gyaru, amma wannan dabara ce ta zuba shara a ƙofar maƙwabci, don iska ta riƙa kai gubar nesa. Tafkuna kusan 7,000 na yankin sun yi tsami, kifi ya ɓace a da yawa daga cikinsu.

Gyara na gaskiya ya zo ne da hukuma ta tilasta wa matatun rage hayaƙi, suka koma kama iskar suna mayar da ita asid na sayarwa. Daga 1978 kuma mutanen gari, har da ɗalibai da marasa aikin yi, suka shiga hawa duwatsu da buhuna, suna watsa garin farar ƙasa don kashe tsamin, sannan taki da irin ciyawa. Ciyawa aka fara shukawa kafin itace, domin ita ke riƙe ƙasa da laima. Zuwa yau an dasa itatuwa sama da miliyan 10, an kuma daina amfani da dogon bututun a 2020. Duk da haka, akwai wuraren da har yanzu ba su farfaɗo ba.

Najeriya ma tana da nata hayaƙin, tun daga gas da ake ƙonawa a Neja Delta zuwa ƙurar masana'antun siminti. Al'ummar da za a kafa masana'anta kusa da dajinta ko makiyayarta, ta nemi ganin rahoton tantance illa ga muhalli, wanda dokar 1992 ta wajabta, tun kafin a aza tubalin farko.